'Yan Jarida Da Labarin Sauyin Yanayi: Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba



Duk wanda ya saba zama teburin mai shayi a unguwar nan bayan sallar Asuba ya san rediyo ba ta hutawa. Ana fifita shayi ana saurare. In aka ambaci farashin dala kowa ya yi tsit, in aka shiga siyasa gardama ta kaure har shayi ya huce. To amma ku lura da abin da ke faruwa da zarar mai karanta labarai ya ce "sauyin yanayi". Nan take hira ke dawowa, wannan ya ce a ƙaro masa burodi, wancan ya ciro waya.

Wata safiya a ƙarshen 2024 ana kawo rahoton taron duniya na birnin Baku, inda ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin tara dala biliyan 300 a kowace shekara nan da 2035, sai wani dattijo mai sana'ar goro ya dubi wani matashi ɗan boko da ke gefensa ya ce, "Kai yaro, wannan yanayin da kullum ake cewa ya sauya, wa ya sauya shi? Ni kuma ina ruwana?" Matashin ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Baba, yadda ka ji haka ni ma na ji." Abin mamaki, wannan dattijon ne dai ya ishe mu da ƙorafi a farkon shekarar cewa zafi na busar masa da goro a huhu tun kafin ya isa Kano, kuma shi ne ke cewa tun zuwansa Badun bai taɓa shan zufa irin ta azumin shekarar ba. Labarin yana hannunsa, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa shi ne dai wanda ake karantawa a rediyo.

Tambayar Baba ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ba cin mutuncin 'yan jarida ya kawo mu ba, domin da kafafen Hausa muka tashi, su ne igiyar da ta ɗaure mu da gida. Sai dai mun daɗe muna saurare muna karantawa, kuma abin da muka gano shi ne labarin yana zuwa mana cikin kalmomin aro, yana zuwa bayan aikin gama ya gama, sannan sau da yawa yana rufa wa masu laifi asiri.

Tun daga kalmar aka samu matsala

A Hausa "yanayi" jaka ce mai ɗaukar komai. Mutum ya shiga wani yanayi, kasuwa tana cikin wani yanayi, yanayin gari ya yi daɗi. Idan hunturu ya shigo yara suka kama mura, iyaye mata cewa suke sauyin yanayi ne. Saboda haka idan ɗan jarida ya ce yanayi ya sauya, mai sauraro bai ji wani sabon abu ba, ai kullum ma sauyawa yake, daga damina zuwa kaka, daga ɗari zuwa bazara. Turanci yana da kalma biyu, ɗaya ta abin da sama ta wayi gari da shi yau, ɗaya ta ɗabi'ar da aka san ta da ita tsawon shekaru, wadda masana ke aunawa da shekara 30. Mu kalma ɗaya aka ba mu, aka kuma bar mu da ita ba bayani. Alhali bayanin yana bakinmu: fushin mutum na yau daban, halinsa daban. Mukan ce hali zanen dutse. To abin da masana ke cewa shi ne zanen dutsen ne da kansa ya fara gogewa.

Haka ma "ɗumamar yanayi". Haba jama'a, ɗumi ai abin so ne. Ruwan ɗumi ake yi wa jariri wanka da shi, ɗumi ake ji da sanyi, ɗumame ake karyawa da shi. Wanda ya kwana ƙarƙashin rufin kwano a watan Fabrairun 2024 ba wutar lantarki, bai san wani ɗumi ba, ƙuna ya sani. A watan ne masana suka ce zafin da jiki ke ji a kudancin Afirka ta Yamma, in an haɗa da laimar iska, ya kai wajen digiri 50, har a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa sai da aka riƙa tsayar da wasa a sha ruwa. Ana cikin azumi kuma, ranar 3 ga Afrilu, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5.

Sai kuma batun digiri 1.5 da ake ta maimaitawa tun yarjejeniyar Paris ta 2015. Mutumin Sakkwato da ya saba da digiri 42 in ka ce masa duniya na tsoron ƙarin ɗaya da rabi, dariya zai yi maka. Amma ka tuna masa cewa zafin jikinsa 37 ne, in ya kai 38 da rabi kwanciya yake yi, nan take zai gane. Matsakaicin zafin duniya baki ɗaya ake nufi, kuma shekarar 2024, wadda ta fi kowace shekara zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗan haura wannan iyaka.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne da wuya ka ji rahoton da ya tsaya ya faɗi yadda abin ke aiki, alhali minti ɗaya ya isa. Ƙona man fetur da gas da kwal yana fitar da iskar kabon, wadda ido ba ya gani. Tana taruwa a sama ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita duka. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska, kimanin 280 ne nata. Yau ta haura 420. Ita kuma iska in ta yi zafi ta fi shan ruwa, kowane digiri ɗaya na ƙara mata kimanin kashi 7 cikin 100 na laimar da za ta iya riƙewa. Shi ya sa take tsotse ƙasa ta bushe, in kuma ta tashi saki sai ta juye kamar da bakin ƙwarya. Ga amsar wanda ke tambaya, in zafi ne ke ƙaruwa me ya kawo ambaliya? Maimakon wannan, sai a fassara mana iskar da "hayaƙi", a rufe rahoto da kiran a daina girki da itace. Sare daji ɓarna ne, ba mu musa ba. Amma mai tuwo-tuwon da kuɗin gas ya fi ƙarfinta tana ji sai ta ɗauka ita ta ɓata duniya, alhali Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan iska ba.

Labari mai kaka biyu

Sauyin yanayi kaka biyu gare shi a kafafenmu: lokacin taro da lokacin gawa.

Lokacin taro, duk ƙarshen shekara, za a kai mu Glasgow, a kai mu Sharm el-Sheikh, a kai mu Dubai. A Glasgow a 2021 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin Najeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take shanyewa nan da 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar. A Masar a 2022 aka amince da kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke yi. A Dubai a 2023 aka yi ta ce-ce-ku-ce kan mutum 1,411 da aka yi wa rajista da sunan Najeriya, gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗauki nauyi. Tono wannan adadi aikin jarida ne mai kyau, mun yaba. To amma bayan jirgi ya sauka fa? Wa ya koma bayan wata shida ya tambaya me aka zo da shi, kuma ta wace ƙofa manomin albasa zai ga ko sisin wancan asusu? Haka ake yi wa dashen itatuwa: a dasa, a ɗauki hoto, a watse, ba mai komawa ya ƙirga nawa akuya ta bari.

Lokacin gawa kuwa, Mokwa ta ishe mu misali. Garin nan kowane direbanmu ya san shi, nan ake bi a gangaro Jebba, Ilorin, Ogbomosho, Oyo, a shigo Badun. A daren 28 wayewar 29 ga Mayun 2025, kimanin mako guda kafin Babbar Sallah, lokacin da tirelolin raguna ke kan hanya, ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya ci sama da mutum 150, ya ci hanyoyi da gadoji. Unguwa ce irin tamu, ta 'yan kasuwa da almajirai da masu neman na kansu. Kwanaki muka yi muna buga waya muna tambayar wane da wane. Kafafe sun yi ƙoƙari wajen ƙirga gawa da ɗauko kukan waɗanda suka rasa iyalai. Amma tun kafin damina hukumar kula da koguna ta ƙasa ta fitar da hasashenta na shekara, jihar Neja na cikin waɗanda aka ce su yi hattara. Wannan gargaɗi sau nawa aka karanta shi, kuma da wane irin harshe? Jerin sunayen jihohi ne ake zubowa a numfashi ɗaya, ba a ce wace unguwa ba, ba a ce in ruwa ya zo cikin dare ina za a nufa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bargon rufe laifi

Nan ne muke ganin aikin ya fi rauni, kuma nan ne ya fi haɗari. Kalmar sauyin yanayi ta zama mafaka. Jami'i zai tsaya gaban makirfo ya ce ambaliyar nan sauyin yanayi ne, duk duniya ma haka ake fama, ɗan jarida ya naɗa ya tafi. Shi ke nan, ba mai laifi, sama ce ta yi.

Ku ɗauki Maiduguri. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari, har namun gidan zu suka fito. An yi ruwa mai yawa a shekarar, gaskiya ne. Amma madatsar nan ta taɓa yin haka a 1994. Shekara 30 tsakani, me aka gyara? Waɗanda suka burge mu a lokacin su ne 'yan jaridar da suka ƙi tsayawa a bakin jami'ai, suka buɗe kasafin kuɗi suna neman inda kuɗin gyara ya shiga. Irin wannan aiki muke nema, sai dai yawancinsa da Turanci ya fito, kafin ya iso teburin mai shayi ya zama ƙus-ƙus.

Ko ambaliyar 2022, wadda ta ci sama da mutum 600, ta raba fiye da miliyan 1.3 da gidajensu, ta yanke hanyar Lokoja motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta auna ta ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan ruwa a yankin Tafkin Chadi har wajen sau 80. To wannan ɓangare ɗaya ke nan. Ɗaya ɓangaren, Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, wadda aka gama tun 1982, ita kuwa madatsar Dasin Hausa ta Adamawa da aka tsara don tare wannan ruwa har yau ba a kammala ta ba. Rahoton da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, rabin gaskiya ya faɗa.

Mu mazauna Badun ma ba sai an ba mu labari ba. Dattawanmu sun ga Omiyale, ambaliyar kogin Ogunpa ta 31 ga Agustan 1980, tun ba wanda ke ambaton sauyin yanayi. Da yawanmu kuma mun ga ta Juma'a 26 ga Agustan 2011, cikin goman ƙarshe na azumi, da aka zubo sama da milimita 180 cikin sa'o'i kaɗan, gadar Apete ta karye, sama da mutum 100 suka rasu. Bayanta ne Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2014 don aikin magance ambaliya a garin nan. Ruwan daga sama ya zo. Amma ginin da aka yi a bakin rafi, da kwalbatin da ledar fiya-wata ta toshe, da takardar izinin da wani ya sa wa hannu, waɗannan a ƙasa aka yi su. Aikin ɗan jarida shi ne ya raba mana: wannan na sama ne, wannan na gwamnati ne, wannan namu ne.

Haka yake a kasuwa. In kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabo a Bodija ko Shasha, wani rahoto zai ce sauyin yanayi, wani ya ce 'yan kasuwa ne ke ɓoye kaya. Na biyun a kanmu yake sauka, mu da ke tsaye gaban mai saye. Amma duk dillali ya san lissafin ya fi haka tsawo: akwai tsutsar nan sharon da ta share gonaki a Kaduna da Kano a 2016 ta kuma sake dawowa, akwai cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023, akwai faɗuwar naira, akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma, akwai shingayen hanya, sannan akwai zafi da ruwan da ba ya zuwa kan ƙa'ida. Wanda ya zauna da dillali awa ɗaya zai fito da labarin da ya fi na ɗakin taro.

Tsohon adadi da maganar da ke iya cin mu

Akwai jimlar da kusan kowa ya haddace: Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Asalinta gaskiya ce. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi ƙwarai. Sai dai hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna tun shekarun 1990 tsukewar ta tsaya, ruwan ma ya ɗan farfaɗo, kuma a 2022 da 2024 ambaliya ce ta addabi yankin. Abin da ke wahalar da masunta da manoman can yanzu shi ne rashin tabbas, bana ruwa ya yi nisa, baɗi ya cinye gona. Mai sayar da bandar kifi da ke jin labarin gida ta waya, in ya ji rediyo na cewa tafki ya kusa ɓacewa alhali ƙaninsa ya ce ruwa ya kore su, wa kuke jin zai gaskata gobe?

Wadda ta fi wannan damun mu ita ce maganar "hamada ce ke koro 'yan Arewa zuwa Kudu". Masu faɗinta galibi tausayi suke nufi. Amma ku saurare ta da kunnen maƙwabcinmu Bayarabe: wasu mutane ƙasarsu ta mutu, ga su nan tafe, ba kuma za su koma ba. Sabo tun 1916 take nan. Fataucin goro da shanu ne ya kawo kakanninmu, da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya, Yarabanci a bakinmu kamar Hausa. Fari da ƙarancin makiyaya suna taɓa makiyaya, ba shakka, amma akwai satar shanu, akwai burtalin da aka nome, akwai rashin hukunci. Wanda ya tattara duk wannan ya ɗora wa hamada, ya kuma haɗa makiyayi da ɗan kasuwa da ɗan acaba a buhu ɗaya, ya sauƙaƙa wa kansa rubutu, mu kuma ya ɗaura mana dutse. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara.

Mu 'yan tsakiya

Wata matsalar tamu ce mu kaɗai. Kafafen Hausa da Arewa suke magana: kwararowar hamada, jinkirin shuka, ruwan marka a watan Agusta. Mu kuwa a nan ruwa kan fara tun Maris ko Afrilu, ya ɗan ɗauke wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta, ya dawo da ƙarfi har Oktoba. Gidajen rediyon garin nan da ke maganar saman da ke kanmu da Yarabanci da Turanci suke yi, kuma baƙon da ya sauka daga mota bara, wanda shi ne ya fi kwana a rumfa ko a ɗakin da ke bakin kwata, bai iya ko ɗaya ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har tana fassara taƙaitaccen bayaninsa zuwa Hausa. Mu nawa muka taɓa ganinsa? Mu da muke buƙatar hasashe biyu, na inda kaya ke fitowa da na inda muke kwana, mu ne ba mu samun ko ɗaya yadda ya kamata.

Batun ƙaddara

Mun sha jin 'yan boko na cewa wahalar wannan aiki ita ce mutanenmu komai sai su ce Allah ne Ya kawo. Shi ya sa wasu 'yan jarida ke tsallake wurin don gudun fitina, wasu kuma su yi magana kamar suna koyar da jahilai. Duka biyun kuskure ne. E, ruwa na Allah ne, kuma in ya ɗauke mukan fita roƙo. Amma manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce a kwashe shanya, ba wanda ya ce ya yi duba. Hasashen masana irin wannan ne, sai dai su da na'ura suke kallo, kuma su ma sukan ce "mai yiwuwa". Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da kowane yaron allo ya sani, ta tanadin shekarun yalwa ce domin shekarun fari. Kakanninmu da suka ga yunwar Kakalaba ta 1914 ba su fasa gina rumbu ba don sun yi imani da ƙaddara. Ɗan jaridar da ya zaunar da malami da masanin yanayi a shiri ɗaya zai ga ba faɗa tsakaninsu. Tsoron ne ya fi matsalar girma.

Uzurinsu, da namu laifin

Adalci ne mu faɗi abin da ke wuyansu. Wakili ɗaya ne ke zuwa kotu da safe, gidan gwamnati da rana, filin ƙwallo da yamma, sannan a ce ya fassara rahoton masana mai ɗaruruwan shafuka cikin minti biyu. Masanin da zai kira da Turanci ya yi karatunsa, ko Bahaushe ne in ya zo kan fanninsa sai harshe ya sarƙe. Masani na cewa "akwai yiwuwar", edita na son kanun da ba shakka a ciki. Akwai gidajen da albashi ke yin watanni bai fito ba, sai ɗan abin da aka saƙa a ambulan bayan taro, kuma bakin da ya ci shi ke jin kunya. Zuwa ƙauyen da abin ya shafa kuɗin mota ne, a wasu wuraren ma sai an sayar da rai. Ga kafafen kansu na raguwa: a watan Maris na 2025 aka wayi gari Muryar Amurka ta yi shiru. A Facebook da TikTok kuwa, bidiyon gida na rushewa ya fi bayanin dalilin rushewarsa samun masu kallo sau ba adadi.

Mu ma ba mu fita ba. Mu ne ke tura saƙon murya a WhatsApp ba mu san wanda ya yi shi ba, mu ne ke yaɗa bidiyon ambaliyar wata ƙasa mu ce Neja ce. A kan Mokwa ma an yi ta yaɗa cewa madatsar Kainji ko ta Jebba aka saki, har sai da ma'aikatar albarkatun ruwa ta fito ta ce ba haka ba ne, ruwan sama ne mai yawa ya tarar an toshe masa hanya da gine-gine. In wakili ya shigo unguwa da makirfo, sai kowa ya noƙe, a ce ya je fada. In hadari ya taso kuma, kun san wasunmu a lokacin suke fito da shara su juye a kwata. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da muke roƙo

Ba mu ce ɗan jarida ya zama farfesa ba. Cewa muka yi ya fara daga inda muke. Ya tambayi mai goro abin da ya gani a huhu, ya tambayi direba kwana nawa ya yi a hanya bana, ya tambayi ungozoma yadda masu ciki suka yi da zafin bara, sannan ya kai wa masani waɗannan tambayoyin ya dawo mana da amsa cikin Hausar da Hajiya za ta gane tana tsinke alayyafo. Duk ranar da jami'i ya ce sauyin yanayi ne, a ƙara masa tambaya ɗaya: to ban da shi fa, me ya kamata ofishinka ya yi bai yi ba? A karanta gargaɗi tun ruwa bai sauka ba, a maimaita shi yadda ake maimaita tallar magani, da sunan unguwa da inda za a gudu. A tuna kuma akwai Hausawa a Sabo da Agege da Shagamu da Fatakwal, samansu daban da ta Katsina.

Mu kuma a nan akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu suna da littafin kuɗin shiga. Su ƙara shafi ɗaya, a riƙa rubuta ranar da aka yi ruwan farko, ranar da hanya ta yanke, da farashin kwando a kowane wata. Bayan shekara biyar, duk ɗan jaridar da ya zo zai tarar da abin da babu shi a ofishin kowa. Matasanmu masu waya su nemo hasashen NiMet in ya fito, a karanta shi a majalisu da ƙofar masallaci kafin ruwa ya sauka, a kuma fita yashe kwata tun a watan Fabrairu.

In akwai ɗan jarida cikin masu karanta wannan shafi da yake ganin mun yi masa rashin adalci, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mu buga. Baba mai goro dai yana nan teburin mai shayi kowace safiya, kuma har yau ba a amsa masa tambayarsa ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu da ruwan ɓarna, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.